Haidirojin a Madadin Fetur: Gardamar Masu Sha'awar Mota da Abin da Lissafi Ya Nuna



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne wata gardama da ta daɗe tana gudana tsakanin masu sha'awar mota a Japan da Jamus da Amurka, watau mutanen nan da ba su ɗauki mota abin hawa kurum ba, waɗanda in sun ji kukan inji daga nesa sai su faɗa maka silinda nawa gare shi. Gardamar kuwa ita ce, ran da duniya ta bar fetur, me zai shiga tankin mota? Sun rabu kashi uku. Na farko suna cewa a bar injin nan mai fistin yadda muka san shi, da giyarsa da rurinsa, a sake masa abinci kawai, a ba shi iskar haidirojin ya ƙona. Na biyu suna cewa a ɗauki haidirojin ɗin, amma kada a ƙona ta, a mai da ita wutar lantarki a cikin motar. Na uku kuwa dariya suke yi wa duka biyun, suna cewa batir ya riga ya gama magana. Zancen ya wuce hirar masu tsere, gama kamfanoni sun zuba dukiya mai yawa a kansa, gwamnatoci sun rubuta tsare-tsare, kuma ɗalibin da ke zaune a nan yau, ko ma'aikacin da ke kula da sayen motocin ma'aikatarsu, wata rana za a ajiye masa takarda a gaba, a ce ya ba da shawara. Ya kamata ya san abin da zai tambaya.

Ita kanta iskar

Haidirojin ita ce mafi rashin nauyi cikin sinadaran duniya duka. Iskar da muke shaƙa ta fi ta nauyi kamar sau 14. Ba ta da launi, ba ta da wari. Wani Bature mutumin Ingila, Henry Cavendish, shi ya tabbatar cikin shekarar 1766 cewa iska ce mai zaman kanta, daga baya kuma Lavoisier na Faransa ya raɗa mata suna mai ma'anar mai haifar da ruwa, domin in ta ƙone, watau in ta haɗu da oksijin, abin da ke fitowa ruwa ne. A nan sha'awar ta samo asali. Fetur da man gas suna da kabon a cikinsu, in sun ƙone sai su bar hayaƙin da ke ɗumama duniya. Haidirojin ba ta da kabon ko kaɗan.

In an auna da sikeli, babu makamashin da ya kamo ta. Kilo ɗaya na haidirojin yana ɗauke da ƙarfin da ya kusa ninka na kilon fetur sau uku, watau kusan abin da ke cikin lita 4 na fetur. Amma fa mota ba sikeli take dubawa ba, wuri take nema. Kilo ɗayan nan, in an bar shi a sake, zai cika fili na lita 11,000, kamar ƙaramin ɗakin ajiya. Saboda haka tilas a matse ta, ko a sanyaya ta. Motocin yanzu suna matse ta har ninki 700 na matsin iskar da muke zaune a ciki, alhali tayar mota ninki biyu da ɗoriya kawai ake ba ta. Ko a hakan, lita ɗaya ba ta ɗaukar fiye da giram 40. In kuwa aka sanyaya ta har ta zama ruwa, abin da ba ya yiwuwa sai a digiri 253 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, lita za ta ɗauki giram 71. Ga abin da wannan ke nufi: ƙarfin da ke cikin tankin fetur mai lita 50, in da matsattsiyar haidirojin za a biya shi, sai an sami wurin da ya wuce lita 300, durom ɗaya da rabi ke nan, kuma ba da kwano za a yi tankin ba, sai da zaren kabon mai kauri, a siffar gora, wadda ba ta shiga lungun mota yadda tankin fetur ke shiga. Ina roƙon ku riƙe wannan lissafi, gama duk abin da za mu faɗa nan gaba a kansa yake tsaye.

Injin da ke ƙona ta

Mutane da yawa suna zaton sabon abu ne. Alhali kuwa ya girmi motar fetur. Cikin 1807 wani mutumin Suwizalan, François Isaac de Rivaz, ya yi rajistar injin da ke ƙona haidirojin, har ya ɗora shi a kan amalanke ya ɗan motsa, kusan shekara 80 kafin Karl Benz ya yi rajistar tasa motar a 1886. A Yaƙin Duniya na Biyu kuma, sa'ad da sojan Jamus suka kewaye Leningrad a 1941 fetur ya yanke, wani hafsan Rasha mai suna Boris Shelishch ya juya manyan motoci kimanin 200 suka koma cin haidirojin da ta rage daga balan-balan ɗin tsaron sama. Ashe inji yana karɓarta. Sai dai yadda yake karɓarta shi ne abin dubawa.

Kowane bakanike ya san aikin inji huɗu ne: fistin ya sauka ya tsotso mai da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kore hayaƙi. Haidirojin tana taɓa uku daga cikin huɗun nan. Wajen tsotsa, tururin fetur ɗan wuri kaɗan yake ci a cikin silinda, bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, sauran duk iska ce. Haidirojin kuwa, in ana son ta ƙone daidai wa daida, sai ta cinye kusan kashi 30 cikin ɗari na silindar. Ta kori iska ke nan, kuma inji ba ya ba da ƙarfi sai gwargwadon iskar da ya samu. Don haka injin da aka ba haidirojin ta hanyar da fetur ke bi, ƙarfinsa kan ragu da kamar kashi 15 cikin ɗari tun kafin a zo wata matsala. Maganin da aka samo shi ne a bari sai bawul ya rufe, silinda ta cika da iska zalla, sa'an nan a feso haidirojin kai tsaye cikinta da matsi. Ta haka a lissafi inji yana iya fin na fetur ƙarfi. Amma bakin feshin da zai jure wannan aiki yana da wuyar ƙerawa, domin haidirojin busasshiya ce, ba ta da maiƙon da ke sa ƙarfe ya zame a kan ƙarfe, ga shi kuma tana kutsawa cikin wasu ƙarafan ta mai da su masu gautsi.

Wajen matsa da kunnawa kuma nan ne gizo ke saƙa. Tartsatsin da zai kunna haidirojin bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda zai kunna fetur ba, kuma tana kamawa ko da ita ce kashi 4 cikin ɗari na iska, ko kashi 75, alhali fetur ba ya kamawa sai a ɗan tsakani kaɗan, daga kashi ɗaya da ɗoriya zuwa kusan 8. Saboda haka kan fulogin da ya yi zafi, ko bawul ɗin salansa, ko ɗan guntun baƙin mai da ya ƙone ya manne, kowannensu ya isa ya kunna ta kafin lokaci. In ta kama alhali bawul ɗin shiga yana buɗe, sai wutar ta koma baya cikin bututun iska, inji ya yi tari mai ƙarfi; in ta kama bayan ya rufe, sai ta doki fistin yana kan hawa. Injiniyoyi sun shafe shekaru suna fama da wannan.

Saura hayaƙi. An cika cewa injin haidirojin ruwa kawai yake fitarwa, wannan kuwa rabin gaskiya ne. Iskar da inji ke tsotsa kusan kashi huɗu cikin biyar naitirojin ce, kuma in zafi ya yi yawa sai ta haɗu da oksijin ta zama gubar nan da ke cutar da huhu, wadda injin man gas ya yi suna da ita. Wutar haidirojin tana da zafi, tana da sauri, don haka ita ma tana haifar da ita. In aka ninka iskar aka rage haidirojin, zafin ya sauka gubar ta kusa ɓacewa, amma ƙarfin injin ya faɗi warwas, sai an sa na'urar turbo ta riƙa cusa masa iska. Kowace ƙofa aka toshe, wata ta buɗe.

Mu duba abin da ya faru sa'ad da manyan kamfanoni suka gwada. Mazda ta Japan ta ga cewa injinta mai juyawa, wanda ba shi da fistin, wurin da yake tsotsa dabam yake da wurin da yake ƙonawa, saboda haka ba ya yawan tarin nan. Ta fitar da RX-8 mai cin duka biyu, ta fara ba da ita haya a 2006. Da fetur tana ba da ƙarfin doki 210. Da an juya ta haidirojin sai ya koma 109, tankin ya cinye but ɗin motar, kuma tafiyar kilomita 100 ta ƙare shi. BMW ta Jamus ta bi hanyar ruwa. Tsakanin 2006 da 2007 ta ƙera mota 100 da ta kira Hydrogen 7, masu inji mai silinda 12, ta raba wa manyan mutane su gwada. Injin nan da a motar fetur yake ba da doki fiye da 400, a nan 260 yake bayarwa. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa sakan 9.5 take ɗauka, 'yar'uwarta mai fetur kuwa ba ta kai sakan 6. Tankinta yana ɗaukar kilo 8 na daskararriyar haidirojin, wanda ke kai ta kilomita 200, watau kilomita 25 a kowane kilo. Abin da ya fi ba masu sha'awar mota dariya shi ne, kome kyan rufin tankin, zafi sai ya shiga, haidirojin ta fara tafasa. Bayan awa 17 a ajiye sai motar ta fara sakin ta waje don kada tanki ya fashe, cikin kwana goma sha wani abu kuma ya zama wayam. An hana ajiye ta a rufaffen gareji. Mutum ya cika tanki ya tafi hutu, ya dawo ya tarar babu kome.

Duk da haka masu son rurin inji ba su saduda ba, kuma sun sami babban jagora, Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin motocin Toyota, shi kansa ɗan tsere ne. A watan Mayu na 2021 ya shiga tseren awa 24 na filin Fuji da wata Corolla mai inji mai silinda 3 da turbo, mai ƙona haidirojin. Motar ta kai ƙarshe: zagaye 358, kilomita 1,634. Amma sau 35 ta tsaya shan iska, kusan awa 4 a jimlace, watau ba ta cika kilomita 50 kafin ta koma famfo. A 2023 suka koma daskararriya don ƙara nisa. A ganina wannan aiki ne na gaske, ya kuma warware matsaloli da dama na feshi da na kunnawa kafin lokaci. Abin da bai warware ba shi ne lissafin tankin da muka yi a baya, gama inji mai fistin, kowane irin mai aka ba shi, fiye da rabin ƙarfin man a zafi yake tafiya, ta salansa da lagireto. Mai ɗan guzuri bai kamata ya yi ɓarna ba.

Tukunyar lantarki

Hanya ta biyu ita ce na'urar da Turawa ke kira fiyul sel, wadda zan kira tukunyar lantarki, domin ana zuba mata abu ne a gefe guda, wuta ta fito a ɗaya gefen. William Grove na Biritaniya ya nuna asalinta a 1839, amma ta yi fiye da shekara ɗari tana zaman abin gwaji, sai da Francis Bacon, injiniya a Kambirij, ya kyautata ta, Amurka kuma ta sa irinta a kumbon Apollo, inda ta ba 'yan sama jannati wuta da ruwan sha. Kamfanin General Motors ya sa ta a mota a 1966, wata bas da aka kira Electrovan, wadda kayan aikin suka cika ta har mutum biyu kaɗai take ɗauka.

Aikinta ba wuya ga fahimta. Akwai wata siririyar fata ta roba a tsakiya, an shafa mata garin filatinam a fuska biyu. Haidirojin tana zuwa ta wannan fuska, iska ta waccan. Filatinam yana raba ƙwayar haidirojin gida biyu, furoton da ilaktoron. Furoton yana ratsa fatar, ilaktoron kuwa ba ya iyawa, sai ya kewaya ta waya, kuma wannan kewayawar ita ce wutar lantarki. A can gefen su sake haɗuwa da oksijin, su zama ruwa. Babu harshen wuta, babu gubar naitirojin. Falle ɗaya bai kai ƙarfin batirin tocila ba, don haka ake jera ɗaruruwa. Toyota Mirai ta biyu tana da 330. Wutar tana juya injin lantarki, shi kuma ya juya taya, akwai kuma ɗan ƙaramin batir da ke taimakawa wajen tashi da hawan tudu. Ashe motar lantarki ce, illa dai tana ɗauke da tashar wutarta.

Tukunyar tana mai da rabi ko fiye na ƙarfin haidirojin ya zama wuta, saboda haka guzuri yana kai ta nesa. Mirai ta farko ta fito a Japan a Disamba 2014, ta biyu a Disamba 2020, da tanki uku masu ɗaukar kilo 5.6, da ƙarfin doki 182, kuma bisa awon hukumar Amurka tana yin kusan kilomita 650 da cika ɗaya. Fiye da kilomita 100 ke nan a kowane kilo, ninki huɗu na abin da BMW ɗin nan ta yi. Ana cika ta cikin minti biyar. Hyundai ta Koriya ta Kudu ta fitar da tata, Nexo, a 2018. Honda ta yi Clarity, ta daina ƙera ta a 2021.

Masu sha'awar gudu ba su yi murna da ita ba. Mirai ta kusa tan 2 a nauyi, tana ɗaukar sakan 9 kafin ta kai kilomita 100 a awa, ba ta ruri, ba a sa mata giya. Wanda ke neman kukan inji bai samu ba, wanda ke neman fizga kuma ya ga motocin batir, irin Model S Plaid ta Tesla, suna yin wannan gudun a ƙasa da sakan 3. Ta zauna a tsakiya. Akwai kuma abin da ya shafi ƙasashe masu zafi da ƙura: tukunyar tana aiki ne a wajen digiri 80 kawai, don haka tana bukatar lagireto babba ƙwarai, tana son haidirojin mai tsabtar kashi 99.97 cikin ɗari, kuma ƙazantar iska tana lalata filatinam ɗinta. A nan inji mai fistin ya fi ta haƙuri, shi ya sa kamfanin JCB na Ingila, mai ƙera motocin haƙa da na gine-gine, ya zaɓi ƙona haidirojin a injinsa.

Daga ina za ta fito?

Wannan ita ce tambayar da 'yan kashi na uku suke riƙe da ita, kuma ina ganin sun fi kowa hujja. Haidirojin ba a samunta a sake sai nadiran; a ɗaure take, cikin ruwa ko cikin iskar gas, kuma kwance ta yana cin ƙarfi. Duniya tana yin kusan tan miliyan 100 a shekara, galibi don matatun mai da takin zamani, kuma kusan dukanta daga iskar gas da kwal ake cire ta. A 2023 wadda aka yi ta hanya mai tsabta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kowane kilo da aka cire daga gas yana sakin kilo 9 zuwa 10 na hayaƙin kabon. An ɗauke hayaƙin daga salansa ne aka kai shi masana'anta.

Hanya mai tsabta ita ce a raba ruwa da wutar rana ko ta iska. Kilo ɗaya yana cin ruwa lita 9 da wuta yunit 50 zuwa 55, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Sa'an nan a matse ta, wanda ke cin kamar kashi goma cikin ɗari na ƙarfinta, ko a daskarar da ita, wanda ke cin kusan kashi ɗaya cikin uku, a ɗora a tirela a kai gidan mai. To, mu ɗauki yunit 55 ɗin nan. In aka bi da su ta haidirojin, Mirai za ta yi kilomita 100 da 'yan kai. In aka zuba su kai tsaye cikin motar batir, wadda ke cin yunit 15 zuwa 20 a kilomita 100, za ta yi kusan 300. In kuwa injin mai fistin aka ba, ko 100 ɗin ba zai kai ba. Ƙasar da wuta ta yi mata yawa tana iya yin wannan asara. Ƙasar da ke rabon wuta unguwa-unguwa sai ta yi tunani.

Bari in ɗan ratsa nan in yi gargaɗi. Lokaci-lokaci a kan ji wani ya ƙirƙiro mota mai tafiya da ruwa, ko kwalbar da ake haɗawa da batir ta raba ruwa ta rage shan mai. Ruwa tokar haidirojin ne, ya riga ya ƙone. Ƙarfin da za a kashe wajen raba shi kullum ya fi wanda za a samu in an sake ƙona shi. Wani Ba'amurke, Stanley Meyer, ya karɓi kuɗin mutane da irin wannan da'awa, kotu a jihar Ohio ta same shi da zamba a 1996. Ma'aikacin da aka kawo wa irin wannan takarda ya nemi a nuna masa daga ina ƙarfin ya shigo.

Kasuwa ta bi lissafin. Shugaba George W. Bush ya yi alkawarin dala biliyan 1.2 don motar haidirojin a 2003. Japan ta sa wa kanta burin mota 40,000 a 2020 da 200,000 a 2025, amma a 2023 ba su kai 10,000 ba. A ƙarshen wannan shekarar motocin haidirojin na duniya duka ba su cika 100,000 ba, alhali a cikinta kaɗai an sayar da motocin da ake caja da lantarki kusan miliyan 14. Gidajen cika haidirojin a duniya sun ɗan haura dubu ɗaya ne a ƙarshen 2024. Mai mota yana jiran a gina gidan mai, mai gidan mai yana jiran motoci su yawaita. A Kalifoniya kilo ya kai dala 36 a 2023, cika Mirai dala 200 ke nan, kuma a Fabrairu 2024 kamfanin Shell ya rufe gidajensa na ƙananan motoci a can. Stellantis, mai Peugeot, ya dakatar da nasa shirin a Yuli 2025.

Batun haɗari zan taɓa shi a gurguje. Kowa yana tuna jirgin balan-balan Hindenburg da ya ƙone a Amurka a 1937, mutum 36 suka mutu, kuma a Yuni 2019 wani gidan cika haidirojin ya fashe kusa da Oslo ta Norway, ko da yake ba a rasa rai ba. A fili haidirojin tana tashi sama nan da nan, ba ta kwanciya a ƙasa kamar fetur; a rufaffen wuri ne take da mugun hali, ga shi ba a jin warinta, harshen wutarta kuma da ƙyar ake gani da rana. Tankunan masana'anta suna da ƙarfi ƙwarai. Abin tsoro shi ne ran da tsohuwar mota ta faɗa hannun mai walda a bakin titi.

Inda ta fi samun gindin zama shi ne wajen manyan abubuwa, inda nauyin batir da lokacin caji suke cin riba, kuma motocin suna komawa wuri ɗaya su sha. Hyundai ta kai manyan motocin kaya Suwizalan a 2020. A Mayu 2022 kamfanin Anglo American ya gwada wata ƙatuwar motar ɗaukar dutse, mai ɗaukar tan 290, a mahaƙar Mogalakwena ta Afirka ta Kudu, ƙasar da ke fitar da kusan kashi 70 cikin ɗari na filatinam ɗin duniya, don haka tana da dalilin son tukunyar nan ta yi kasuwa. Amma ko a nan tsugune ba ta ƙare ba. Jihar Lower Saxony ta Jamus ta fara jirgin ƙasa mai haidirojin a 2018, sa'an nan a 2023 ta ce sauran layukanta na batir za ta saya, kamfanin Nikola na Amurka mai manyan motoci kuma ya karye a Fabrairu 2025.

Nijeriya tana da hannu a wannan sana'a fiye da yadda ake zato. Masana'antun taki na Indorama a Eleme da na Dangote a Lekki haidirojin suke fara cirewa daga iskar gas, su haɗa ta da naitirojin, kafin ta zama takin da manomi ke zubawa a gona. Bayan janye tallafin fetur a Mayu 2023 kuma gwamnati ta koma ga matsattsiyar iskar gas don motoci, wadda ake matsewa ninki 200, kuma injin fetur yana karɓarta da ɗan gyara. Kada a rikita ta da haidirojin. Tukunyar gas ɗin da aka sa a but ba za ta ɗauki ninki 700 ba, injin ma ba zai karɓa ba. Amma abin da ake koya yanzu, na gwajin tukwane da horar da kanikawa da hana aikin bakin titi, shi ne matakin farko ga duk wanda zai taɓa haidirojin nan gaba.

Abu ɗaya ne zai iya rushe lissafin da muka yi, shi ne a sami haidirojin a ƙarƙashin ƙasa, yadda ake samun mai, ba sai an kashe wuta wajen yin ta ba. A Mali, a ƙauyen Bourakébougou da ke arewa maso yamma da Bamako, masu haƙa rijiya sun ci karo da wata iska a 1987, ta kama da wuta, aka toshe ramin. Da aka sake buɗe shi aka auna, sai aka tarar kusan kashi 98 cikin ɗari haidirojin ce, daga 2012 kuma aka ba wani ƙaramin inji mai fistin ita, ya haska ƙauyen. Tun daga nan kamfanoni suka shiga nema a Amurka da Ostareliya da Faransa, amma wadda rijiyar Mali ta bayar ta ƙauye ce, ba ta kai ta cika gidajen mai ba. A ɓangaren motoci kuma, BMW da Toyota sun sanar a Satumba 2024 cewa za su haɗa hannu, BMW ta fitar da motar haidirojin ta sayarwa a 2028. Wannan karon tukunyar lantarki za ta sa mata, ta ajiye injin mai silinda 12.